Jirgin da Ɗanmaliki Ya Goge Ciki da Waje

Ɗanmaliki mahaifin kakata Tasallah ne, kuma daga bakinta na ji yawancin abin da zan faɗa. Masassaƙin jiragen ruwa ne a wani ƙauyen Sarkawa masunta da ke bakin kogin Kwara a ƙasar Bagudo, tafiyar rabin yini a jirgi kafin a kai kwatar Illo. Gajere ne mai faɗin ƙirji, gizago ya cire masa rabin ɗan yatsan hagu tun yana saurayi. Ba shi da rowa ko kaɗan. Baƙo bai taɓa kwana da yunwa a zaurensa ba. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya jin ana yabon wani. Kakata ta ce ko miyar maƙwabta aka yaba a gabansa sai ya ajiye loma ya ce ya ƙoshi.

Shekara ashirin wannan hali bai dame shi ba, domin ba shi da na biyu a sassaƙa. Daga Bahindi har Illo, in ka ga jirgin madaci mai kauri, bayansa cike da sawun gizago a jere kamar ɓawon kifi, ba ka bukatar tambaya. Shi da kansa yake barin sawun. Yakan ce jirgin da ba a ga saran mai shi a jikinsa ba, kamar mutum ne marar tsagar gado.

A shekarun da Turawa suka bi daji suna kafa duwatsu, suna cewa nan ƙasar Ingilishi ce, can ta Faransa, wani mutumin Dandi mai suna Arzika ya tsallako daga ɓangaren Faransa da matarsa Bilki. Aikin tilas ya kore shi, an ɗora musu dakon kaya har wuyansa ya yi kanta. Siriri ne, ba ya son magana, Hausarsa ma a karkace take. Ya ce shi ma ya taɓa sassaƙa a garinsu. Ɗanmaliki ne ya fara karɓarsa. Ya ba shi gefen rumfarsa, ya ara masa tsohon gizago, ya nuna masa wani guntun gungumen madaci da ya daɗe a yashe.

"Ɗauki wanga ka gwada hannunka," in ji shi. "In ya ɓaci, mata su samu itacen wuta."

Arzika ya ce, "Na gode, Baba."

Kwana arba'in ya yi yana fafe gungumen, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya ba mutane dariya shi ne abin da ya biyo baya. Ya kife jirgin, ya samo dutse mai lebur, ya riƙa zuba yashi da ruwa yana gogar bayansa tun safe har la'asar. Da ya gama da dutse ya shiga fadama ya tsinko ganyen wani ɓaure mai kaushi kamar harshen saniya, ya bi da shi. Daga nan Bilki ta narka masa man kaɗanya, ya shafe itacen, ya bar shi a rana ya sha, ya sake shafawa. Mako uku ana wannan.

Ɗanmaliki yakan tsaya da gizago a kafaɗa ya ce, "Arzika, jirgi kaka yi ko ƙwaryar amarya?" Masu zaman rumfa su fashe da dariya. Arzika ya yi murmushi ya ci gaba da guga.

Wani masunci mai suna Audi ne ya karɓi jirgin, don ba shi da halin sayen na Ɗanmaliki. Ranar kasuwar Illo aka fita da safe, jirage suna haura ruwa. Hamma, ƙanen Ɗanmaliki uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne gwanin tura jirgi da gora a ƙauyen, ba a taɓa shan gabansa ba, kuma jirginsa sabo ne daga hannun wansa. Audi kuwa mutum ne mai tari, ba shi da ƙarfin kirki. Amma kafin a kai tsibirin farko Audi ya zo ya wuce Hamma, ya ma gaishe shi da aiki. Da Hamma ya isa kwata jiƙe da gumi, ya tarar Audi ya sayar da rabin busasshen kifinsa.

Da yamma labari ya riga jiragen komawa gida. Hamma ya shigo rumfa ya jingine gora.

"Yaya, jirgin baƙon ga ba ya taɓa ruwa. Tura ɗaya na Audi, ni sai na yi biyu. Kuma da munka dawo, mutum biyu sunka jawo nashi bisa rairayi. Nawa sai da munka taru mu huɗu."

Ɗanmaliki bai ɗago kai ba. "Asiri ne. Mutanen Dandi ba su rasa layu."

Amma tuwo bai shiga cikinsa ba ranar. Ɗan hakin da ya raina ya tsone masa ido, kuma da gizagonsa, a rumfarsa, da itacen da ya ce a hura wuta da shi.

Kafin damina ta faɗi masunta uku sun kai wa Arzika itace. Ya bar rumfar ya kafa tasa a ƙarƙashin wata tsamiya, ya dawo da gizagon aro haɗe da ƙaton kifi na godiya. Ɗanmaliki ya karɓi gizagon, kifin kuwa ya ce wa matarsa Riskuwa ta kai wa maƙwabta. Tun daga ranar ya daina bi ta wajen tsamiyar. In zai je kwata sai ya zagaya ta bayan gari, ta cikin ƙaya. In an kawo zancen Arzika sai ya ce jirgin da aka goge ya yi siriri, shekara biyu ba zai kai ba. Shekara biyu ta wuce, jirgin Audi yana nan.

Wata rana ana suna a gidan Sarkin Ruwa, kowa ya tafi cin tuwo. Da tsakar rana Ɗanmaliki ya sulale ya gangara kwata. Jirgin Audi yana kife a kan rairayi ana shanya shi, na Hamma yana kusa da shi, shi ma a kife. Ya duba hagu da dama, sannan ya ɗora tafinsa a bayan jirgin Audi ya ja. Hannun ya tafi sumul kamar a kan bayan tarwaɗa. Ya koma kan nasa aikin. A kowane sawun gizago gansakuka ta yi gida, ta fito da gashi kore, ƙananan katantanwa sun manne a ciki. Hannunsa ya riƙa tsayawa yana tuntuɓe. Ya laluba gefen jirgin Audi ko zai ji laya a ɗaure, bai ji komai ba.

"Sannu da rana, Baba."

Arzika ne, ya zo ɗibar yashi. Ɗanmaliki ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Ina duba ko ya fara tsagewa ne."

"Bai fara ba tukuna," in ji Arzika. Sannan ya ƙara da cewa, "Baba, ba wani abu ba ne. Ruwa ma shina da hannu. Duk inda ya samu kaushi sai ya kama ya riƙe, jirgi na son gaba, shi shina ja baya. Rairayi ma haka. In ka goge, ba ya samun wurin kamawa. Amma akwai inda…"

"Ni za ka koya wa ruwa?" Ɗanmaliki ya katse shi. "Ina sassaƙa tun uwarka na goyonka." Ya juya ya tafi, bai bari ya ƙarasa ba.

A shekara ta uku masinja ya zo daga Illo da saƙo. Baturen da ke can yana son babban jirgi da zai riƙa ɗaukar masa kaya tsakanin Illo da Yawuri, akwatunan ƙarfe da buhunan gishiri da wasiƙu. Ya ji ana da masassaƙa biyu a ƙauyen. Kowa ya yi nasa, in ruwa ya fara ja baya za a gwada, wanda ya fi shi za a riƙa ba aiki. Sarkin Ruwa ya sa aka sare madaci biyu, aka jawo su.

Ɗanmaliki ya kewaye nasa gungumen da zana mai tsayi, ya hana kowa leƙawa sai Hamma. A bayan zanar nan ya yi abin da ya rantse ba zai yi ba. Ya samo dutse da yashi. Ya aiki kakata, tana budurwa a lokacin, ta tsinko masa ganyen ɓauren a ɓoye cikin kwandon wanki, ya ce in ta faɗa wa kowa ba ita ba shi. Ya goge sawun gizagonsa ɗaya bayan ɗaya har tafinsa ya yi ƙuna ya fashe. Da bayan jirgin ya yi sumul bai tsaya ba. A ransa, in Arzika ya goge rabi ya sami wannan suna, shi zai goge duka. Ya juya jirgin ya bi cikinsa, ya bi gefuna, ya bi dandamalin baya inda mai gora ke tsayawa. Ya ƙwace wa Riskuwa man kaɗanyarta tulu guda ya shafe ko'ina, har gorar da Hamma zai riƙe ya kankare gaɓoɓinta ya shafa mata.

Hamma ya taka dandamalin da ƙafa ya ce, "Yaya, nan ya yi santsi da yawa."

"Tsoro kaka ji?"

"Ba tsoro ba ne. Ƙafata ba ta zama."

"To je ka tuƙa na Arzika. Ga dukkan alama can zuciyarka take."

Hamma ya sauko daga dandamalin ya bar zancen. Mutum ne mai kunyar wansa.

Ranar gwaji gari ya fito kwata da hantsi. Bature ya zo a kan doki da tafintansa, aka kafa masa kujera a inuwa. Da aka yaye zana, jirgin Ɗanmaliki ya fito yana ƙyalli, ja wur kamar goron da aka wanke. Mata suka yi guɗa. Mutum uku kacal suka tura shi ya sulale cikin ruwa. Kakata ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mahaifinta ta yi haske irin na wannan safiya ba. Ya kalli wajen Arzika don ya ga ko ransa ya ɓaci. Arzika kuwa ya matso ya leƙa cikin jirgin, ya shafa dandamali, ya juyo da sauri.

"Baba, a shimfiɗa zana a ciki, a yayyafa yashi nan baya."

Ɗanmaliki ya yi dariya da ƙarfi don mutane su ji. "Kun ji shi? Hassada ta motsa."

Aka loda wa kowane jirgi buhu goma sha biyu na gishiri da akwati biyu. Hamma ya hau na wansa da masu tuƙi da filafili biyu. Audi ya hau na Arzika da nasa biyun, Arzika kuma ya zauna a tsakiya. Sharaɗi shi ne a haura zuwa wani dutse da ke tsakiyar ruwa, a kewaye shi, a dawo.

Gaskiya jirgin Ɗanmaliki ya yi gudu. Hamma yana da ƙarfi, jirgin kuma ba abin da ke riƙe shi, nan da nan ya ba ɗayan tazarar jirgi uku. Ɗanmaliki yana bin gaɓa da gudu, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa, yana ihu yana kiran sunan ƙanensa. Amma a gindin dutsen ruwa yana murɗawa, dole mai gora ya kafa ta ya danna da dukkan jikinsa. Feshi ya riga ya jiƙa dandamalin, ruwa ya hau kan mai. Hamma ya kafa gora ya danna, hannayensa suka zame a jikinta, ƙafafunsa biyu suka tafi gaba ɗaya. Ya faɗi da ƙugu a kan gefen jirgin, har daga gaɓa aka ji ƙarar. Jirgin ya karkata. Buhuna da akwatuna, da ba abin da ya riƙe gindinsu, suka sulale gefe guda kamar an kira su. Jirgin ya kife.

Masu filafili suka yi iyo suka kama dutse. Hamma bai iya motsa ƙafa ba, ruwa ya fara tafiya da shi. Audi ya juya jirginsu a cikin wannan murɗawar, ya kafa ƙafa ya danna gora, bai zame ba. Arzika ya kwanta a kan buhuna ya miƙa hannu ya cafko rigar Hamma, suka jawo shi ciki.

Da suka iso gaɓa Ɗanmaliki ya shiga ruwa har ƙirji don ya karɓi ƙanensa, a nan ne ya fara ganin cikin jirgin Arzika. Duk shekarun nan bayansa kawai ya taɓa shafawa, girman kai bai bar shi ya leƙa ciki a gaban mutane ba. Cikin yana nan da kaushinsa, sawun gizago ko'ina. A dandamalin baya an tsattsaga layuka a gicciye, yadda yatsun ƙafa za su sami wurin kamawa. An shimfiɗa zana a ƙarƙashin kaya. Gorar Audi kuma an naɗe mariƙinta da igiyar rama.

Bature ya faɗi wata magana, tafinta ya ce an ba Arzika aikin. Ba wanda ya yi guɗa.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙugun Hamma bai koma daidai ba. Wata huɗu yana kwance, da ya tashi kuma da sanda ya tashi. Bai sake riƙe gora ba, ya koma saƙar taru a bakin zaure. Bai taɓa ɗora wa wansa laifi ba, ko sau ɗaya. Ɗanmaliki ya ɗauki cin gidan Hamma a kansa har ƙarshen ransa, ya aurar masa da 'ya'ya.

Za ka ce wannan ya isa ya wanke masa zuciya. Bai wanke ba. Arzika yakan zo duba Hamma duk Juma'a da ɗan kifi ko goro, kuma bai taɓa cewa ai na faɗa ba. Wannan shirun ya fi komai ƙona Ɗanmaliki. Da ya yi masa gori, da ya sami abin riƙewa. Wata rana bayan Arzika ya fita, ya shiga cikin gida yana huci, ya tarar Riskuwa ta durƙusa tana koɗa dutsen niƙa, tana ƙwanƙwasa fuskarsa da ƙaramin dutse.

"Kin ga mutumin ga? Zuwa yake yi don gari ya ce shi na kirki ne."

Riskuwa ba ta daina ƙwanƙwasa ba. "Maigida, da ka tambaye ni ma da ka huta. Ka ga dutsen ga, in ya yi sumul hatsi zamewa yake yi, ba ya niƙuwa, sai na fasa mishi fuska. Muciya kuwa in tana da kaushi hannu take ci. Kowace mace ta san inda ake son santsi da inda ba a so. Kai ka ƙwace mini mai tulu guda ba ka ce mini komi ba."

"Ke ma kin koma bayansa."

"Ni ina bayan tuluna," in ji ta.

An tsamo jirgin nan da ya kife. Ɗanmaliki ya mayar da shi bayan zana, ya bi cikinsa da gizago ya farfasa santsin, ya tsaga layuka a dandamali. Duk jiragen da ya yi daga baya haka ya yi su, baya sumul, ciki da kaushi. In wani ya ce ai irin na Arzika ne, sai ya ce kakansa ma haka yake yi, shi ne dai ya manta. Aiki ya dawo masa daidai gwargwado, domin wajen zaɓen itace da daidaita jirgi ya zauna a ruwa ba ya jirkicewa, har Arzika yakan ce bai kai shi ba. Da aka kawo masa wannan magana bai ji daɗi ba. Ya ce wane ne ya sa shi alƙalanci.

Shekarar da mura mai kisa ta bi kogi, ta ɗauki mutum goma sha ɗaya a ƙauyen, har da Arzika. Ɗanmaliki yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin, kuma shi ya fi kowa daɗewa a ciki yana gyara gefuna. Arzika ya bar wani babban gungume a ƙarƙashin tsamiya, an fafe rabinsa, na wani ɗan kasuwar Kamba ne. Bilki ba ta da kowa a wannan gefen iyaka. Bayan sadakar arba'in Ɗanmaliki ya ɗauki gizagonsa ya nufi tsamiyar da ya yi shekara goma sha biyu yana kauce mata. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama.

"Zan ƙarasa wanga aiki. Abin da mai shi ya kawo naki ne. Amma kada ki ce wa kowa komi."

Bilki ta ce daga ciki, "Allah shi saka, Baba. Amma ai za a gan ka."

"In an gan ni, ki ce guga kawai nike yi. Ki ce ya riga ya gama."

Wata biyu ya yi a kansa. Kakata ta ce bai taɓa zuba wa wani jirgi hankali kamar wannan ba, kamar mai gasa da wanda ke tsaye a kansa. Da aka sa shi a ruwa ya zauna daram, ya tafi kamar kifi. Ɗan kasuwar ya kai shi Illo, ya kai shi Yawuri, duk kwatar da ya tsaya sai mutane su taru suna shafawa. Sunan da ya bi shi kuwa shi ne jirgin ƙarshe na Arzika. Aka riƙa cewa mutumin Dandi ya tafi da hannunsa, ba za a sake irinsa ba.

Wani baƙo ya faɗi haka a zauren Ɗanmaliki, bai san da wa yake magana ba. Ɗanmaliki ya bar shi nan zaune. Ya tashi ya shiga gida ya zauna a kan turmi. Kakata ta kawo masa ruwa.

"Baba, ai kai ka ce a ɓoye."

"Na sani."

"To, mi ya ɓata maka rai?"

"Gindin jirgin nan a karkace ya bar shi," in ji shi. "Kwana tara na yi ina gyarawa. Kwana tara, Tasallah."

Ya rayu shekara bakwai bayan haka. Idonsa ya yi rauni, ya bar sassaƙa, yakan zauna kusa da Hamma a bakin zaure yana riƙe masa bakin taru. Bilki ta koma wajen danginta a Dandi da aka sassauta aikin tilas. Shi kuwa bai faɗa wa kowa a waje cewa shi ya ƙarasa jirgin ba har ya rasu, ranar wata Laraba a lokacin kaka, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan gari.